Rumbu, ma'aunin falanki

Ɗan gwaggona ne, kafinta, amma ni tun muna yara Rumbu nake ce masa. In ya shigo ɗaki sai haske ya fita ya ba shi wuri. Tela ya taɓa auna cikinsa, tef ya ƙare bai kai cibiya ba.

Aikinsa haɗa wa magina dandamalin katakon da suke takawa in gini ya yi sama. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa faɗowa a hannunsa, kuma sirrin ƙibarsa ce. Kowane falanki, kafin ya hau sama, sai ya ɗora shi a kan bulo biyu a ƙasa, ya taka tsakiyarsa ya yi tsalle sau uku.

"Tsakiya ce mai shan wahala," in ji shi. "In ta ɗauke ni, za ta ɗauki magini da bulonsa da kwanon simintinsa."

Bara ciwo ya kwantar da shi wata huɗu. Ya tashi, amma rabinsa bai tashi ba. Wando sai da igiya. Na ce masa yanzu in iska ta taso sai mun ɗaure shi a turke. Bai rama ba, sai na ji ba daɗi.

Ranar da zai koma aiki matarsa ta ja ni gefe. Ta ce ɗan kwangilar da yake wa aiki ya ce gwaji ne. In ya ga ba zai iya ba, wani zai ɗauka. Ta ce in raka shi, in yi kamar hanya ce ta biyo da ni.

Da muka isa wurin ginin ya jera bulo, ya ɗora falanki, ya hau ya yi tsallensa uku. Katako ko motsi. Magina suka ce ai ya yi, a miƙo. Shi kuwa ya tsaya yana kallon wani ƙulli a jikin katakon.

"Ƙarya yake yi mini," ya ce. "Bai ji ni ba ne."

Ya nufi buhun siminti zai saɓa don ya ƙara nauyi. Ya ɗaga shi iya gwiwa, ya kasa, ya ajiye. Ɗan kwangila ya duba agogo. Kowa ya kawar da kai.

Sai ya juyo ya ƙare mini kallo, daga wuya har ciki.

"Kai, malalaci, tunda na kwanta kai ke cinye rabona. Zo ka hau."

Na ce ni da ko tabarma mai kauri jiri take sa ni. Ya ce in yi shiru in riƙe kafaɗarsa. Na riƙe, ƙashi zalla na ji a tafin hannuna. Muka yi tsalle tare. A na biyu katakon ya tsage daidai ƙullin nan, muka zube a yashi, ni a ƙasa, shi a kaina kamar mayafi.

Babban magini, wanda da shi ne zai taka falankin a hawa na uku, ya ɗauki guntun ya daɗe yana juya shi. Ɗan kwangila ya ce wa Rumbu gobe ya zo da wuri.

Saura falanki talatin da ɗaya. Duk sai da muka taka su.