Yadda Gazali Ya Auna Shanun Kebbe da Kwano

Gazali ɗan Tungar Sambo ne, wani ƙauye a ƙasar Kebbe inda kowane gida ke da gona a gaba da garke a baya. Ya yi firamare a Kebbe, ya yi sakandare a Tambuwal, daga nan karatu ya tsaya, sai ya kama aiki a shagon wani mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar Tambuwal. A shagon nan ya koyi duba ranar lalacewar magani, da gane kwalba mai kyau da ta jabu, da yadda ake ciniki da dillali ba tare da an yi baram-baram ba. Da aka buɗe neman ma'aikata a asibitin dabbobi na jami'a, can birni, ya nema, aka ɗauke shi mai tsaron sito. Yana yi yana karatun yamma, har aka ɗaga shi ya zama mai sayo wa asibitin kaya.

Aikin ba na nuna kai ba ne. Sirinji da auduga da safar hannu, maganin tsutsa, dusa da harawar dabbobin da aka kwantar, man janareta, duk ta hannunsa suke bi. Kafin ya sayi ko igiya sai ya ji farashi a wurare daban-daban, ya kai wa kwamitin asibiti su amince. Mutum ne mai sanyin magana, amma 'yan kasuwa sun san idan ya ce kaya bai yi ba, to bai yi ba.

Abin da ya fi so a duk shekara shi ne fita rigakafi. Bayan kaka, kafin shanu su watse neman kiwo, asibitin kan tura likitoci da ɗalibai ƙauyuka su yi wa shanu allurar ciwon huhu. Gazali ne ya yi ta roƙo har aka sa Kebbe a ciki. Kuma Kebben ce ta kusa kunyata shi.

Maganin rigakafin daga nesa ake odarsa, tun da sauran lokaci, kuma cikin sanyi yake rayuwa. Idan aka fita da shi cikin ƙanƙara, aka buɗe, to ko a yi amfani da shi ko a zubar. Saboda haka dole mai saye ya san yawan shanun da za a yi wa. Mutanen Kebbe kuwa ba sa faɗin yawan shanunsu. Kakanninsu sun sha jangali, har yanzu in baƙo ya zaro biro sai gaban dattijo ya faɗi. Ban da haka, sun ɗauka wanda ya ƙirga garkensa ya furta da baki, ya jawo masa baki. Ko ɗan cikinka ya tambaye ka, amsar ita ce, “'Yan kaɗan ne, alhamdu lillahi.”

Shekarar farko Gazali ya bi gida-gida yana tambaya, ya haɗa abin da aka gaya masa ya yi oda. Ranar allura, kafin azahar magani ya ƙare, ga shanu jere har bakin fadama. Rabi suka koma ba a taɓa su ba, cikin waɗannan kuwa ciwon ya kwashe da yawa a bazara. Shekara ta biyu ya ce ba za a sake ba, ya ninka odar har sau uku bisa hasashe. Aka yi wa kowa, amma kwalabe masu yawa suka rage, suka sha zafin hanya, aka zubar.

Dakta Najiba, shugabar masu fita rigakafi, ta kira shi ofis. Mace ce mai raha, amma ranar ba ta yi dariya ba.

“Malam Gazali, kwamiti ya zauna. Sun ce ba za su iya zubar da magani ba alhali Sanyinna da Dogon Daji na jiran layi. Na roƙa maka bana kawai. In ya gaza ko ya yi yawa, an cire Kebbe.”

“Na gode, Dakta. Sun yi gaskiya.”

“To wai mutanenka me ya sa suke haka? Allura ce fa, ba haraji ba.”

Ya yi murmushi ya ce, “Kawuna ne ya rene ni, amma ni kaina ban san yawan shanunsa ba.”

Ya ɗauki hutu ya tafi gida. Daga Tambuwal ya hau babur, hanya ta jijjiga shi har Tungar Sambo. Ya sami kawunsa Na'iya, wanda makiyayan yankin ke jin maganarsa, zaune a inuwar rumbu yana tufka igiya. Bayan gaisuwa da fura, Gazali ya zayyana masa komai.

Na'iya ya ce, “Ɗan boko, mi kaka so in yi? In tara mutane in ce kowa ya yi tsirara gabanka?”

“Kawu, in anka cire mu, ciwon ga zai dawo.”

“Na sani. Ni na rasa saniyata Saige bara waccan, ba labari aka ba ni ba. Amma ko ni nan, ba ni hwaɗa maka. Jiya ka gama yawo ba wando, yau ka zaka kana tambayata shanu nawa gare ni?”

Gazali bai yi gardama ba. Ya san ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne da ya girmi kawun nasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, liman ya tara magidanta a zaurensa domin addu'ar neman zaman lafiya, kamar yadda suka saba. Aka zube ƙwallayen dabino a tsakiyar tabarma. Kowa ya ɗebi nasa a hannu, in ya karanta addu'ar sau ɗaya sai ya jefa ƙwallo ɗaya a cikin akushi. Mai sauri ya jefa da yawa, mai nauyin baki ya jefa kaɗan, ba wanda ya kula da na wani. Da akushi ya cika, liman ya san an kai adadin da ake so, aka shafa. Gazali ya daɗe yana kallon akushin nan har aka fara watsewa.

A hanyar gida ya ce, “Kawu, cikin akushin liman, wanne ne naka?”

“Wa ya sani? Sun gauraye.”

“To in na aje buhu zauren liman, kowa ya shiga shi kaɗai, ya jefa ƙwallon aduwa ɗaya don kowace saniya tai, ya fito? Babu suna, babu biro. Ni buhun kawai nika ɗauka.”

Na'iya ya tsaya cak. “Ai sai mutum ya ƙirga kahin ya jefa.”

“A'a. Sunansu zai kira. Ka ce Wule, ka jefa. Ka ce ɗiyar Wule, ka jefa. Wa ac cikinku bai san sunan shanunai ba?”

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. “Shegen yaro! Ashe bokon bai cinye ka duka ba.”

Liman ya amince, ya kuma yi bayani da kansa a masallaci. Na'iya ya bi tungaye da rugage a bayan babur yana kai maganar. Aduwa kuwa ba a sayenta a ƙasar nan, ƙwallayenta na zube a gindin kowace bishiya. Aka rataye buhu a zauren liman, aka kai wasu buhunan ƙauyukan da ke nesa. Magidanci ya zo da ƙwallaye a aljihun riga, ya shiga, a ji yana gunguni kamar mai lazimi, ya fito yana kakkaɓe hannu. Wani mai suna Almu ya daɗe a ciki, da ya fito abokan wasansa suka sa shi gaba.

“Almu, kwana za ka yi? Ashe dukiya ta gare ka kana cin tuwo ba mai!”

“Ku rabu da ni, barci ya kwashe ni,” in ji Almu.

Gazali ya haɗa buhunan ya juye wuri ɗaya, yadda ko na ƙauye ba za a bambance ba. A sitonsa na asibiti ya ƙirga cikin kwano ɗaya, sannan ya auna sauran kamar mai awon gero. Abin da ya fito ya ninka abin da aka gaya masa shekarar farko, amma bai kai hasashensa na shekara ta biyu ba. Ya ɗora ɗan ƙari saboda kwalbar da kan fashe, ya kai wa kwamiti. Wani daga cikinsu ya tambaya daga ina adadin ya fito. Gazali ya sa aka shigo da buhun. Suka yi ta dariya, amma da ya yi bayani, suka sa hannu.

Ranar allura, motar asibiti ta tsaya a Tambuwal aka cika akwatunan sanyi da ƙanƙarar da ya riga ya yi ciniki. Inda mota ta kasa wucewa, aka ɗaure akwatuna a bayan babura, aka lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu. Shanu suka yi ta ɓullowa ta kowace kusurwa, farare da jajaye, ƙahoni kamar daji. Ɗalibai na tsira allura, makiyaya na riƙewa, Gazali na gindin tsamiya yana miƙa kwalba ɗaya bayan ɗaya, ba ya bari a buɗe sabuwa sai ta hannu ta ƙare. Ƙauye bayan ƙauye haka aka yi, har aka zo Tungar Sambo, zangon ƙarshe.

Wajen la'asar akwati ɗaya ya rage, shi ma ya yi ƙasa. Layi ya kusa ƙarewa, sai ga wani garke ya ɓullo daga ƙetaren fadama, wata tsohuwa na biye da sanda. Inna Atu ce, wadda mijinta ya rasu, ɗanta kuma yana ci-rani. Mata ba su shiga zauren liman ba. Gazali ya shiga ƙirga kwalaben da suka rage.

Dakta Najiba ta leƙa akwatin ta dube shi. “Waɗannan suna cikin buhunka?”

Kafin ya buɗe baki, Na'iya ya ce, “Suna ciki, Likita. Ni na jefa mata. Tare munka yi kiwo da mijinta, na san su har jikokinsu.”

Aka yi wa shanun Inna Atu kaf, har da ɗan maraƙin da ya ba ɗalibai wuya. Da aka gama, kwalba biyu ce ta rage a akwati. Dakta Najiba ta ɗaga su sama, ɗalibai suka ɗau tafi, makiyaya suka yi ta kabbara. Inna Atu ta kama hannun Gazali tana sa masa albarka, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

A zaman kwamiti na gaba aka bar Kebbe cikin jerin rigakafi, ba na shekara ɗaya ba, na dindindin. Bazarar nan ciwon huhu bai kwantar da garke ko ɗaya a Tungar Sambo ba. Da kuɗin da a da ke tafiya a maganin da ake zubarwa, Gazali ya nemi izini aka sayi firij mai aiki da hasken rana, aka kafa a Kebbe. Ranar da aka kawo shi, shi da kansa ya zauna a bayan motar yana riƙe da shi tun daga Tambuwal, yana yi wa direba faɗa a kan kowane rami.