Tsohon da ke Rataye wa Tsuntsaye Ciyawa

Duk ranar kasuwar Kankiya, Iyatu mai nono tana ganinsa a gindin bedin da ke bakin tasha. Dogon tsoho ne, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro, ga tabon ƙuna a bayan hannunsa. Ba ya saye, ba ya sayarwa. Gwangwanin madara ne ya huhhuda da ƙusa, yake cusa masa busasshiyar ciyawa da auduga, ya rataye a reshe don tsuntsaye su zara su yi sheƙa. Kafin ya cusa sai ya tsince zaren buhu ɗaya bayan ɗaya, domin shi ke ɗaure ƙafar ɗan tsuntsu har ta ruɓe.

Iyatu tana zaton yana cikin waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu. Yau dai ta kasa haƙuri.

"Baba, masu cinye mana gero kake yi wa gida?"

Bai ko ɗago kai ba.

"'Yar nan, a da, a jinkar ɗakina suke zarar ciyawa, ina jifarsu. Jinkar ta zama toka, har da waɗanda ke ƙarƙashinta. Tsuntsayen nan kaɗai suka rage mini da zan yi wa ɗaki."