Tabita Mai Shara da Askar Wanzami

Tabita 'yar garin Beri ce, kuma ko rana ɗaya ba ta taɓa zama a aji ba. Shekarar da aka sami 'yancin kai ta biyo mijinta Markus zuwa Kontagora, shi yana noman doya da dawa a bayan gari, ita ta sami aikin shara a wani ƙaramin asibitin mishan. Mace ce gajera mai ƙatuwar murya, ga taurin kai kamar me. Idan ta ce a'a, to sai dai ka nemi wata hanya.

Akwai ɗakin da likita ke koyar da masu jinya, kuma abin mamaki, ɗakin nan kullum sai ya yi datti daidai lokacin darasi. Tabita za ta shigo da bokiti da tsumma, ta yi ta goge lungu ɗaya har a tashi. Likitan kan maimaita da Hausa saboda ɗalibai, ita kuwa tana kwashewa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan satar karatu, ba wanda ya kula.

Bayan yaƙin basasa aka yi annobar amai da gudawa, ta kama Markus. An yi masa ƙarin ruwa ya tsira, aka sallamo shi saboda babu gado. Amma ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Danginsa suka tare a gidan, suka bi abin da suka gada: wanda ya yi gudawa ba a ba shi miya, sai kunu tsararo, safe da yamma. Kullum sai ƙara laushi yake.

Ranar nan Tabita ta dawo daga aiki ta tarar da Bitrus, wan mijinta, ya kawo wanzami, Lukuman, har ya shimfiɗa ƙahonni da aska a kan tabarma. Wai za a tsaga ƙafafun a zuƙe mataccen jini. Mutumin da ko kofi ba ya iya riƙewa! Ranta ya ɓaci matuƙa. Ta jawo kujera ta dasa a bakin ƙofar ɗakin, ta zauna daram.

"Yaya, ba wanda zai taɓa shi da aska."

"Ke Tabita, tashi ki ba mu wuri," in ji Bitrus. "Jininsa ne ya mutu."

"Jininsa na nan da ransa. Gishirinsa ne ya zube."

Mutane suka kwashe da dariya. Ita ko a jikinta. Ta ce jijiyar da ke kai saƙo zuwa ƙafa tana da fata siririya. A bayan fatar akwai gishiri irin na miya, a cikinta kuma akwai wani daban, likita na ce masa fotashiyam. Na cikin nan yana tsiyayowa waje kaɗan-kaɗan ta wasu 'yan ƙofofi, yana tafe da ɗan lantarkinsa. Cikin ya ji an rage masa, sai ya riƙa janyo shi baya, har turawa da janyowa su zo daidai. Shi ya sa ko mutum na zaune, jijiyarsa a ɗame take kamar bakan maharbi, jira kawai take a ce mata tafi. Gudawa ta wanke wannan gishirin, ma'auni ya lalace, naman ƙafa ya daina amsa kira.

"Sai ku ƙara da zubar masa da jini? Abinci yake bukata, ku kuma kun ɗaure shi da kunu."

Bitrus ya tuntsure da dariya. "Oho, ashe likita muka aura! Yaushe tsintsiya ta fara ba da takardar shaida?"

"Tsintsiyar tana da kunne, Yaya."

Ya fusata, ya ce ya ba ta kwana bakwai. In Markus bai tashi ba, aska za ta yi aikinta ko tana so ko ba ta so.

Ba ta tsaya a kan abin da ta sani kaɗai ba. Ta tare likita a hanya, tsumma a hannu, ta faɗa masa komai. Ya kalle ta ya sake kallo, sannan ya ba ta wani ruwan magani mai ɗaci, ya ce ta haɗa da wake, doya, ayaba da miyar ganye. Ta kifar da tukunyar kunun surukai da hannunta. Gaskiya tsoro ya ci ta, don har kwana huɗu babu wani canji, ta shiga bayan rumbu ta yi kukanta ta share fuska. Amma kujerar nan ba ta matsa daga bakin ƙofa ba.

Rana ta bakwai da hantsi Lukuman ya dawo da zabirarsa, Bitrus na gaba. Tabita na zaune a bakin ƙofa. Sai ga labule ya motsa a bayanta. Markus ne, dafe da bango, ƙafafu na rawa, gemu buzu-buzu. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya zagaye matarsa, ya isa tabarma da kansa ya zauna gaban wanzami.

"Malam Lukuman," ya ce, "tun da ka riga ka wasa askar, yi mini aski. Ranar Lahadi da ƙafata zan raka matata coci."