Tarwadar Dakta Hadiza

Malali

Ana kiran assalatu na fito daga gida da bokiti mai murfi, tarwada shida na wutsil-wutsil a ciki. Na ƙanwata ne, Dakta Hadiza, wadda ke bincike a Zariya kan yadda guringuntsin kifi ke warkewa, ko a samo wa masu ciwon gwiwa mafita. Uku ta yi musu ɗan aiki a gaɓar wutsiya ta ɗaura musu jan zare, uku ta bar su lafiya da shuɗin zare don kwatantawa. Da ruwa ya yanke musu a can, ta kawo su tankin bayan gidana, na yi watanni ina ciyar da su kamar 'ya'yan riƙo. Washegari masu ɗaukar nauyin binciken za su zo dubawa, in babu kifi za a rufe aikin. Gargaɗinta ɗaya: "Yaya, da ransu nake son su."

Mai Keke Napep ɗin da ya ɗauke ni bai bar rami ko ɗaya bai gaisa da shi ba. Kafin mu kai tasha wandona ya jiƙe sharkaf.

Tashar Kawo

Direban motar Zariya ya ce atafau bokiti ba zai shiga cikin mutane ba, sai but. Muna cikin musu ɗan kamasho ya ɗora wa bokitin buhun masara. Na ji ƙas, ruwa ya fara tsiyaya.

"To ai kifi ne, Malam," in ji direba. "Ko ya mutu ana ci."

Na ɗauki fasasshen bokitina na bar tashar, don in na buɗe baki sai an raba mu.

Badarawa

Gida mafi kusa shi ne na Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, wadda gwiwa ta sa ta daɗe tana salla a zaune. Na juye kifin a bahonta, na ce, "Gwaggo, kifin Hadiza ne, na aikin ciwon gwiwa. Bari in je kasuwa in samo musu mazubi in dawo."

Ta shiga sa wa Hadiza albarka har na kai ƙofa ba ta gama ba. Da ina da hankali, tsawon albarkar nan ya isa ya tsayar da ni.

Babbar Kasuwa

Rumfunan roba ba su buɗe ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Na sami jarka mai kauri, na sa aka yanke mata baki, sannan cunkoso ya riƙe ni a hanya har azahar.

Badarawa kuma

Tun daga ƙofar gida ƙamshin citta da kanumfari ya tare ni. Gwaggo na kan tabarma da kwanon farfesu, tana zufa.

"Gwaggo, ina kifin?"

"Kai Kabiru, tun yaushe ɗa ke shigo wa uwa da abu a hannu a ce ba tsarabarta ba ce? Kuma da bakinka ka ce na gwiwa ne."

Huɗu ta dafa, har ta aika wa maƙwabciyarta mai ciwon ƙugu. Biyu suna baho, wai na gobe da jibi ne, don magani ba a shanye shi rana ɗaya. Raina ya ɓaci, amma ya za ka yi da Gwaggo? Na kira Hadiza. Na gaya mata abin da ya faru.

"Yaya, wane zare ne ya rage?"

"Ja ɗaya, shuɗi ɗaya."

"Taso yanzu. Kada ka ƙara gaida kowa."

Zariya

Kujera biyu na kama, na rungume jarkar har muka isa bayan la'asar. Hadiza ta ɗaga mai jan zare ta daɗe tana duba wutsiyarsa, ta ce gaɓar ta haɗe, amma biyu ba shida ba ne, sai abin da baƙin suka ce. Idonta ya kawo ruwa. Can ta tambaye ni, "Gwiwar Gwaggon fa?" Na ce ta tambaye ta da kanta.

Gida

Na iso Malali da magariba, na tarar da tsofaffi mata uku a ƙofar gidana, kowacce da kwano. Wai Gwaggo ta yi la'asar a tsaye, labari ya zaga Badarawa. Na rantse musu tanki babu komai, suka ce za su jira a sake zubawa.

Da safe Hadiza ta kira: an ƙara mata lokaci, amma sai ta sake kiwon wasu tun daga farko, kuma a tankina. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya ya bar mata aikinta. Na gode wa maƙerin unguwarmu kuma, wanda ya yi wa tankin murfin ƙarfe da kwaɗo.