Ummussalma da Tambayoyin Masu Kumburin Ciki

Shekara talatin da biyu Ummussalma Barau ta yi a duniya, bakwai daga ciki tana aikin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Gwaram. A Birnin Kudu aka haife ta, 'yar wani malamin sakandare ce. Tun tana ƙarama ba ta cewa "to" sai ta gane abin da aka faɗa mata. Ta sha faɗa a gida saboda wannan hali, ba ta kuma bar shi ba.

Shekara biyu kafin rasuwarta, wani mai bincike daga wata jami'a, Dakta Zulkifli, ya zo da takardar tambayoyi goma sha biyu. So yake ya auna irin kulawar da masu fama da kumburin ciki ke samu daga iyalansu, amma sai an fara gwada takardar an ga ko gaskiya take aunawa. Ya ba Ummussalma kwafi sittin. Ta zagaya ƙauyukan Kwandiko da Kiyako, ta dawo da su a cike.

Bayan mako guda ya kira ta, ya baje takardun a tebur.

"Malama, mutum sittin, kowa ya ce ana kula da shi matuƙa. Ko ɗaya babu mai ƙorafi? Ko dai gindin bishiya kika samu kika cike su da kanki?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta san idan maganar nan ta kai kunnen shugaban asibitinsu, babu mai sake yarda da rubutun hannunta. Ta haɗiye fushin ta ce, "Dakta, ka ba ni yini ɗaya. Ka biyo ni, amma kada ka ce komai."

Suka nufi Kwandiko, gidan Inna Batulu, wata tsohuwa da cikinta ke cika tim duk ranar da ta ci wake. 'Ya'ya da surukai suka kewaye tabarma, kamar yadda aka saba idan an yi baƙi.

"Inna, iyalinki na kula da ke?"

"Alhamdulillahi, 'yar nan. Kulawa har ta yi yawa."

Ummussalma ta ce za ta duba cikin a ɗaki. Kowa ya watse, Dakta ya tsaya a bayan labule.

"Inna, jiya me aka dafa?"

"Ɗanwake."

"Ke me kika ci?"

"Shi mana. Wa zai ɗora mini tukunya daban? Matar gwamna ce ni?"

"Da wa kike cin abinci?"

Tsohuwa ta ce, "Ni kaɗai. Cikin nan ba shi da kunya, sai ya yi magana a gaban surukai. Na janye jikina."

"Wa kika taɓa gaya wa?"

"Ke. Yanzun nan."

A hanya Ummussalma ta ce, "Dakta, a nan mutum ba ya tona asirin gidansa don an tambaye shi, balle a gaban suruki. In ka tambaye shi ko ana kula da shi, godiyar Allah zai yi maka, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tambaye shi wa ya kai shi asibiti, wa ya dafa masa daban."

Suka sake rubuta tambayoyin, suka koma tara, kowacce a kan abin da aka yi a zahiri, kuma a keɓe ake yin su. Ta bi mutum ɗari da ashirin, ta sake komawa bayan mako biyu. Amsoshin gida da gida suka bambanta, amma na kowane mutum suka tsaya yadda ya faɗa da farko.

Dakta Zulkifli da kansa ya zo asibitin. A gaban shugaba da ma'aikata ya ce ya zarge ta a kan kuskuren da yake nasa ne, ya roƙi gafara, ya nuna sunanta a kan rahoton binciken.

Ta ce, "Na yafe, Dakta. Sai dai mutum goma sha bakwai sun ce ba su da wanda suke gaya wa ciwonsu. Wa zai koma wajensu?"

Ya ce wannan ba ya cikin aikin da aka ba shi. Ita ta riƙa komawa, duk ranar Alhamis bayan an tashi aiki.