Alamar Baba Gambo da Na Sata

Ni ɗan maƙera ne, a Ruma aka yanke mini cibiya. Ubana ya rasu ban yi wayo ba, sai wansa, Baba Gambo, ya ɗauke ni ya zaunar da ni gindin zugazugi. Ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Na faɗa muku wannan tun da wuri, samari, don kada wani ya ce talauci ne ya jefa ni. Gaggawa ce ta jefa ni. Tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya, ko tuwo da zafinsa nake haɗiyewa.

Baba Gambo yana da alama. Duk galma ko hauyar da ta fita daga hannunsa, sai ya buga mata wani ɗan hatimi mai kamar sawun kaza, dab da inda ƙota ke shiga. Alamar nan alkawari ce: wanda tasa ta karye kafin girbi ya kawo, a ba shi sabuwa ba tambaya. Ba a kuwa kawowa, don ba ta karyewa. A al'adarmu ba mai buga alamar wani, ko da ɗan cikinsa ne, sai mai ita ya miƙa masa a gaban Sarkin Maƙera.

Na dame shi da tambayar yaushe zan fara bugawa. Ya ce, “Ranar da ka bar cire ƙarfe daga wuta kamin shi nuna.” Maganar ta ci mini rai, don gaskiya ce.

Wata rana ya tafi jana'iza, na ƙera hauya, na ɗauko hatimin na buga mata. Na kai ta kasuwa na sayar. Shiru, ba abin da ya faru. Wannan shirun ne ya halaka ni. Na sake, na kuma sakewa. Daga baya na danna laka a jikin wata tsohuwar galmarsa, na fitar da sawun, na ƙera nawa hatimin a ɓoye. Sannan na nemi Baba da rigima kan abin da bai kai ya kawo ba, na kwashi masabata da sauran kayan ƙira na koma garin Tsaskiya.

A can na yi ta haɗa aikin sha yanzu magani yanzu. Ƙarfen da bai rabu da kashinsa ba, wato wanda ba a tace ba, nake saye da araha, in ɗan buge shi sama-sama, in goge shi ya yi ƙyalli, in danna masa sawun kaza. Abin da Baba zai yini a kansa, ni kafin hantsi na gama. Yau ina Karare, gobe Safana, jibi Batsari, ba na yarda kasuwa ɗaya ta saba da fuskata. Kowa ya tambaya in ce Baba ne ya aiko ni, tsufa ya hana shi tafiya. Manomi ya shafa alamar da babban yatsa, ya biya ba ciniki. Na sayi riga mai aiki, amma ban taɓa cin abinci da bayana a ƙofa ba. Ko jaki ya yi kuka sai in zabura in waiwaya.

Damina ta sauka, aka shiga noman farko, kayana suka fara karyewa kamar busasshen kara. Ciyawa tana cin gonaki, mutane suka yi ta ɗibar guntaye suna kai wa Baba Gambo. Kallo ɗaya ya yi musu ya gane bugun hannuna, shi da ya koya mini riƙon masaba. Amma bai tona mini asiri ba. Ya yi ta ƙera sababbi yana bayarwa, har ya sayar da awakinsa ya sayi ƙarfe. Sarkin Maƙera ne ya ga abin ya yi yawa ya kai ƙara. A tsakiyar kasuwar Karare dogarai suka kama ni, hatimin yana ɗaure a ƙuguna.

A ƙafa aka kora ni Katsina. Gaban alƙali ma bakina bai mutu ba. Na ce ban ɗauki ƙarfen kowa ba, sawun kaza kuwa ai yana ko'ina a ƙasa. Alƙali ya ce ba sawun na sayar ba, amanar wani na sayar, kuma wannan ha'inci ne. Sai ya tambayi Baba, tun da ya san kayan ba nasa ba ne, don me ya biya. Baba ya ce, “Allah shi gafarta malam, manomi bai san hannu ba, alama ya sani. Ruwa kuwa ba ya jiran a gama shari'a.” Har aka tashi bai dube ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Aka yi mini bulala, aka damƙa ni ga Yari. Ni da ba na iya zama, aka sa mini mari a ƙafa. Na yi ta laluben marin nan ina neman inda maƙerin ya yi gaggawa, ban samu ba. Damuna ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina jin ƙamshin ƙasa ta bayan katanga, ina kuka ina istigfari.

Da aka sake ni, Ruma na nufa in faɗi a gaban Baba Gambo. Na tarar an rufe shi tun bara. Ɗansa ya ce mini Baba ya yafe mini kafin ya cika, na kuma gode wa Allah. Amma ranar kasuwa na ji wani dattijo yana ce wa ɗansa, “Duba da kyau, in ka ga sawun kaza aje ta, wagga ba ta kai ka girbi.” Galmar da ke hannun yaron ta Baba ce ta gaskiya, na gane ta daga nesa. Na buɗe baki zan yi magana, na tuna wa zai yarda da shaidata.

Na tuba, kuma har yau ina ƙira, sai dai ba na buga wa kayana komai. Ku da kuke koyon sana'a, maƙeri ne kai ko majemi ko marini, ka jira ƙarfenka ya nuna, ka fitar da taka alamar, kada ka taɓa ta wani. Awakin Baba na mayar wa 'ya'yansa. Sunansa ne na rasa inda zan samo in mayar.