Kofi Uku a Rusaifa

Funtuwa zuwa Jidda

Tun kafin kiran assalatu na bar gida, Baba ya rako ni bakin zaure yana nanata saƙonsa: in na gama Umara in nemo ƙanwarsa, Goggo Saude, wadda ta tafi Hajji tun ban zo duniya ba, ta zauna can. Motar haya ta kai mu Kano da hantsi, bayan shingaye biyu da direba ya wuce da fara'a da ɗan abin hannu. Da yamma jirgi ya ɗaga. Na ɗaura harami, sanyin jirgi ya hana ni sakat har Jidda.

Jarwal

Direban tasi ya ce riyal ɗari, na ce hamsin da Larabcina na makarantar allo. Ya dube ni ya ce, "Malam, yi Hausarka kawai, ni ɗan Zinder ne." Muka shirya a saba'in. Masaukina a unguwar Jarwal ta Makka ɗaki ne na mutum huɗu, da ƙafa ake zuwa Harami. Na yi Umarata lafiya. Abin da na ji da na ga Ka'aba kuwa, ba ni da bakin faɗarsa.

Rusaifa

Washegari na kira ɗan Goggo, Usama, ya zo ɗaukata zuwa unguwarsu, Rusaifa. Taubashina ne, haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci. Yana da ɗan gidan abinci, kuma yana son ya fara sayar da kunun zaƙi.

"Yalla, baƙauye," in ji shi, "yau kai ne alƙali. Harshenka bai daɗe da barin gida ba."

Mutum uku suka dama kunun: matarsa, da kukunsa, da Goggo. Wanda na zaɓa shi za a sayar. A mota ya gaya mini tsohuwar ta kwana biyu tana shiri, wai tana son ta ji ko hannunta na gida yana nan. Ni dama ina ji da kaina a harkar kunu, ko a gida ba a cika burge ni ba.

Bayan Magariba aka shimfiɗa leda. Goggo ta riƙe fuskata tana cewa, "Hancin Yaya sak!" Muka ci shinkafar buhari da gasasshiyar kaza, aka kora da sobiya, wani farin abin sha mai sanyi na mutanen Makka. Sannan aka jera mini kofi uku, ba a faɗi mai kowanne ba.

Na farko zaƙi cau, da ƙamshin hel, kayan ƙamshin da suke sa wa gahawarsu. Na biyu citta ta ji, sukari daidai, sak wanda nake saya a bakin tasha. Na uku ya fi duhu da kauri, zaƙinsa can ƙasa-ƙasa, sai ka haɗiye yake biyo baya, ga wani ɗan ƙauri.

Na gyara zama na yanke hukunci. "Na biyu shi ne kunun gida. Na farko ya zama Balarabe. Na ukun nan kuwa, wanda ya dama shi ya manta hanya, ko sukari babu."

Kuku ya washe baki. Usama ya sunkuyar da kai. Goggo ta jawo kofi na uku gabanta, ta ce a hankali, "Ba a sa masa sukari, ɗana. Tsiron dawa ke kawo zaƙin." Ta ɗan yi murmushi. "Halas, shi ke nan, shekaru sun yi yawa. Ƙila na manta ɗin."

Kunya ta rufe ni, na shiga kame-kame, ta ce in bari, alƙali ba ya janye magana. Ranar da zan taho ta ba ni ƙullin garin da ya rage da tsironsa, ta ce ba ta da sauran amfani da shi.

Gida

Jirginmu ya yi jinkiri, sai la'asar na shiga Funtuwa. Na raba dabino da zamzam, na miƙa wa maiɗakina ƙullin tare da bayanin da Goggo ta yi. Da safe ta dama, aka kai wa Baba kofi, ban gaya masa daga ina garin ya fito ba.

Ya kurɓa sau ɗaya ya tsaya. Ya sake kurɓa, sai ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya dama wannan? Kunun Innarmu ne. Tun da aka binne ta ban ƙara jin sa a bakin kowa ba."

Nan take na kira Usama, na ce ya kai wa Goggo wayar. Baba ya karɓa, bai ko yi sallama ba, ya ce, "Saude, ashe ke kika tafi da shi."

Na fito tsakar gida na bar su suna kuka. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Goggo da ba ta zubar da garin nan ba.